Daga Gadar Ely Zuwa Garnaɗa: Neman Ɗan Jagora Ga Mota Mai Ɗaki

Wata Asabar da hantsi, cikin watan Mayun 2023, muka tsaya cak a bakin gadar jirgin ƙasa da ke dab da tashar Ely, a gabashin Ingila. Ni ne a sitiyari, uwargida tana gefena riƙe da waya, yaranmu biyu suna baya sun ɗaura bel. Muryar da ke cikin wayar sai nanatawa take mu miƙe. A goshin gadar kuwa ga allo an rubuta mita 2.7, wato ƙafa 9. Motar da ke hannuna ta haura mita 3.

"Abban yara, tsaya! Wallahi ba za mu shige ba."

Kafin ta rufe baki na riga na taka birki. Motoci sun jeru a bayanmu, babu wanda ya danna ham, amma ina jin idanunsu a ƙeyata. Babban ɗana, lokacin yana da shekara 15, shi ya sauka ya roƙi na baya su ɗan ja, ya tsaya inda nake hango shi ta madubi yana yi mini hannu, har na yi ribas na samu inda zan juya. Sai da muka koma kan babban titi na lura hannuna yana rawa. Daga baya na ji cewa wannan gadar tana cikin waɗanda motoci suka fi dukan goshinsu a duk ƙasar, kuma a kowace shekara akan samu irin wannan karo fiye da sau 1,000 a gadojin jirgin ƙasa na Birtaniya.

Sati biyu ke nan da sayen motar. Ta hannu ce, ƙasanta ƙirar Fiat Ducato, an ɗora mata ɗaki a baya. Mutanen Ingila suna ce mata motahom, mu kuwa a gida muka sa mata mai ɗaki. Akwai gado a saman kan direba, wani a can baya, ga murhun gas, ga firij, ga makewayi da tankin ruwa. Na daɗe ina aikin jinya a Peterborough, na kuma daɗe da burin in kai iyalina Andalus, a kudancin Sifaniya, ta ƙasa, mu riƙa dafa abincinmu, mu yi sallah a kan lokaci ba tare da neman lungu a tashar jirgi ba. Fitar gwaji muka yi ranar, zuwa bakin teku a Norfolk, sai ga abin da ya tare mu.

Da daddare na kira Baba a Funtuwa. Ya yi kusan shekara 30 yana jan babbar mota tsakanin Arewa da Legas, auduga da hatsi in za a gangara, siminti da gishiri in za a hauro. Ya saurari labarin har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya ce:

"Ka auna ta?"

Na ce akwai tsayinta a takardar mota.

"Ban tambaye ka takarda ba. Kai da hannunka, ka hau ka auna? Mu in aka yi mana lodi, ko masu lodin sun rantse, sai yaron mota ya hau da gora ya gwada. Wayar lantarki ba ta karanta takarda."

Washegari na ɗauko tsani da tef. Na ɗora dogon katako a kan abin da ya fi komai tudu a rufin, wato na'urar sanyaya ɗaki da mai motar na farko ya ƙara, ɗana ya auna daga bakin katakon zuwa ƙasa. Takarda ta ce mita 2.95. Tef ya ce 3.15. Santimita 20 ke nan da ban san ina yawo da su a kaina ba. Faɗi mita 2.35, in an haɗa da madubai ya kusa 2.8. Tsawo, har da maratayin kekuna, mita 7.6. Muka loda duk abin da za mu tafi da shi, ruwa da mai da tukunyar gas da buhun shinkafa, muka hau sikelin manyan motoci: kilo 3,420. Wannan ma abin lura ne, domin wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1997 zuwa yau, lasin ɗinsa na ƙaramar mota bai ba shi damar wuce kilo 3,500 ba. Na rubuta lambobin nan da babban baƙi a kan kati, da mita da kuma ƙafa da inci, na manna a inda idona zai riƙa faɗawa. Ƙafa 10 da inci 4. Har yau katin yana nan.

Sai maganar ɗan jagora, wato na'urar da ke nuna wa direba hanya. A nan ne na yi makonni ina jujjuya abin, kuma abin da na fahimta a ƙarshe ya saɓa wa abin da na shiga da shi.

Da farko na ɗauka na'ura mai tsada tana da tauraron ɗan adam da ya fi na waya kyau. Ba haka ba ne. Taurarin GPS na Amurka, su 30 da 'yan kai, suna can sama kimanin kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini. Ba sa ganin kowa, ba su san da zaman motarka ba. Aikinsu kawai su yi ta shelar inda suke da kuma ƙarfe nawa ne a agogonsu, wanda ba ya kuskure. Na'urarka ita ke saurare. In ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa daɗewar da saƙon kowanne ya yi a hanya, ta gane inda take. Tun watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata siginar da farar hula ke kamawa, kuskuren ya dawo 'yan mitoci kaɗan. Turai tana da nata, Galileo, Rasha tana da GLONASS, Sin tana da BeiDou, kuma wayoyin yanzu suna sauraron fiye da ɗaya a lokaci guda. Ashe ranar da muka tsaya a Ely wayar ta san inda muke sarai. Abin da ba ta sani ba shi ne girmanmu, kuma ba ta da gurbin da za a faɗa mata. An yi ta ne don ƙaramar mota, ta kuma yi aikin da aka yi ta dominsa.

To kuɗin da mutum zai kashe, na taswira ne da abin da aka cusa a cikinta: tsayin kowace gada, faɗin lungu, nauyin da wata 'yar gada za ta iya ɗauka, kwanar da doguwar mota ba za ta iya sha ba. Da kuma gurbin da za ka shigar da awon motarka, domin na'urar ta riƙa gwada shi da waɗancan.

Wani abokin aikina ya ba ni aron tsohuwar na'urarsa ta masu irin wannan mota, ya ce in ta yi mini in riƙe. Na yi murna, domin sababbi a kanti duk sun haura fam 300. Kafin in amince da ita sai na ɗana mata tarko da wurin da na riga na sani. Na shigar da awonmu, na ce ta kai ni daga wannan gefen tashar Ely zuwa wancan. Ta kauce wa ƙarƙashin gadar, madalla. Amma sai ta bi da ni ta kan layin dogo, ta mararrabar da manyan motoci suke bi a da. An rufe wannan mararrabar tun 2018, lokacin da aka buɗe sabuwar hanyar da ta kewaye garin ta kudu. Sabuwar hanyar ba ta cikin taswirarta sam. Na ƙara gwada ta da babban titin AP-7 na Sifaniya, wanda ke bin gaɓar teku. Na ce ta guje wa hanyoyin biyan kuɗi, sai ta fitar da ni daga titin gaba ɗaya ta cusa ni cikin garuruwa, alhali an cire kuɗin shiga daga Tarragona zuwa Alicante tun farkon 2020, daga iyakar Faransa zuwa Tarragona kuma tun Satumbar 2021. Na mayar masa da abarsa da godiya. Na'urar lafiyarta ƙalau, taswirar ce ta tsufa, kuma an daina sabunta irinta.

Daga nan na san tambayar da zan fara yi a kanti: shekara nawa za a ci gaba da sabunta taswirar, kuma ta yaya? Wadda za ta sabunta kanta ta intanet ɗin gida nake so, ba wadda sai an jona ta da kwamfuta ba, domin na san in abin ya yi wuya zan yi ta ɗagawa.

Hanyoyi uku ne a gaban mai nema. Akwai manhajojin waya da aka yi don manyan motoci, irin su CoPilot da Sygic, masu karɓar awon mota, ana biya shekara-shekara, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Akwai na'urori masu zaman kansu, waɗanda Garmin na Amurka da TomTom na Holan suka fi shahara da su, kowanne yana da samfurin da ya keɓe wa masu mota mai ɗaki. Akwai kuma wadda ake dasawa a gurbin rediyon mota, ita ce ta fi tsada, kuma in ka sayar da motar ta tafi ke nan. Manhaja ta ja hankalina ƙwarai, ba kuma zan hana kowa ita ba. Abin da ya sa na bar ta shi ne waya tana da ayyuka da yawa. Kira zai shigo daga gida daidai lokacin da kake tsakiyar shataletale mai baki shida. Rana za ta dake ta a jikin gilashi har fuskarta ta dushe. Ga kuɗin data a ƙetare, wanda kamfanonin waya da dama na Birtaniya suka dawo da shi bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Na fi son abin da ba shi da wani aiki sai hanya, wanda taswirar Turai duka tana cikin cikinsa, ko da sabis ko babu.

Girman allo ma sai da na je na zauna a kujerar direba na gwada da kwali. Gilashin gaban irin wannan mota yana da nisa da mai tuƙi. Mai inci 5 sai ka miƙa wuya kafin ka karanta. Mai inci 10 yana da daɗin kallo, amma yana tare maka wani yanki na titi, daidai inda mai keke zai ɓullo. Na tsaya a mai inci 7. Na kuma nace sai da mai kantin ya ƙure mini muryarta, domin wanda bai taɓa tuƙa mai ɗaki ba bai san irin kiɗan da tukwane da cokula suke yi a baya ba. A nan cikin kantin na sake ɗana tarkon Ely. Ta bi sabuwar hanya. Na biya.

Wani abu da sai da na yi wasa da ita a gida na gane: ƙarin da za ka yi wa awonka don kariya yana da iyaka. Da na sa mata tsayi mita 3.6 da nauyi tan 4, wai don in samu kwanciyar hankali, sai ta ɗauke ni tirela, ta riƙa kewaye da ni gari guda saboda titin da babu abin da zai hana ni bi. Na dawo na sa tsayi 3.3, faɗi 2.5, nauyi tan 3.5 cif. Tazarar santimita 15 a sama ta ishe ni, saboda wani lokaci akan ƙara wa titi kwalta a bar tsohon allo yadda yake.

Farkon Agusta muka ɗau hanya. Daga Dover zuwa Calais awa ɗaya da rabi ne a jirgin ruwa, su ma sai da suka tambayi tsayi da tsawon motar tun wajen yankar tikiti. Muna sauka ƙasar Faransa na'urar ta tuna mini in koma hannun dama, ta juya lissafinta daga mil zuwa kilomita.

Saɓani na farko tsakaninta da wayar uwargida ya zo tun ba mu yi nisa ba. Waya ta ce mu nufi Faris mu bi ta yammacinta, za mu rage lokaci. Na'ura ta ce mu bi ta Rouen, mu gangara Chartres, mu faɗa Orléans.

"Abban yara, tawa fa ta fi taka sauri da kusan minti 40."

"Hajiya, duba mana ta ina za ta bi da mu."

Ta ja taswirar da yatsa ta ƙara girmanta. Hanyar ta ratsa wani rami da ke kan titin A86, mai tsawon kilomita 10, hawa biyu, wanda motar da ta wuce mita 2 ba ta shiga. Ta kashe muryar wayar ba tare da ta ce komai ba. Daga ranar muka raba aiki. Na'ura ce ke zaɓen hanya. Wayar Hajiya kuma ta duba cunkoso, ta nemo mana shagon nama na halal da masallaci mafi kusa, in za mu shiga wani ƙauye kuma ta buɗe hotunan titin ta ga ko lungun zai ɗauke mu. Wannan rabon aikin ya fi kowace na'ura amfani a tafiyar.

A wurin biyan kuɗin hanya na koyi cewa motata tsayi biyu gare ta. A Faransa, motar da ba ta kai mita 2 ba tana aji na 1. Daga mita 2 zuwa ƙasa da 3 aji na 2. Daga mita 3 zuwa sama, ko abin da ya haura tan 3.5, aji na 3 ne, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Injin da ke bakin shingen ya hango na'urar sanyin da ke kan rufinmu ya jefa mu aji na 3. Amma ƙa'idarsu ba ta lissafa abin da aka ɗora a rufi, gangar jikin motar ake dubawa. Na danna maɓallin neman taimako, na faɗa da ɗan Faransancin da na haddace cewa mota mai ɗaki ce, aji na 2. Aka duba ta kyamara aka gyara. Wato a wajen mai karɓar kuɗi ni mita 2.95 ne, a wajen gada kuwa 3.15. Babu na'urar da za ta yi maka wannan bayanin. Haka kuma kada wanda ya saba a Ingila ya yi tsammanin za ta nuna masa daidai inda kyamarar kama masu gudu take, domin dokar Faransa ta hana hakan tun 2012. Iyakarta ta ce ka shiga yankin haɗari.

Daga Clermont-Ferrand muka hau A75, titin da ke ratsa tsaunukan tsakiyar ƙasar, kyauta ne in ban da gadar Millau. Mun kwana biyu a wuraren da ƙananan hukumominsu ke tanada don irin motarmu, inda za ka zubar da ruwan datti ka ɗebi mai kyau. Jerin waɗannan wuraren yana cikin na'urar, kuma ya taimaka, ko da yake Hajiya takan tabbatar a waya kafin mu karkata.

Yara suka ce sai mun ga kwazazzabon kogin Tarn kafin mu hau gadar. Na tambayi na'ura, ta zana hanya ta Sainte-Enimie ba tare da wani gargaɗi ba. Muka gangara.

Wurin yana da kyau irin wanda ke sa mutum tasbihi. Ruwa kore shar a can ƙasa, duwatsu sun miƙe ta kowane gefe kamar ganuwa, ƙauyuka manne a jikinsu. Amma an sassaƙa titin ne a jikin dutse, kuma akwai wuraren da dutsen ya sunkuyo a kan hanya kamar rumfa. A tsakiyar titi akwai sarari isasshe. A gefe, inda dole ka raɓa in wata mota ta taho, dutsen ya yi ƙasa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, domin doka ba ta hana mota irin tawa bi ba, ita kuma abin da aka rubuta a allo aka shigar a taswira shi ta sani. Dutsen da ya leƙo ta kusurwa ba shi da lamba. Ga shi kuma tsaunukan sun tare sama, har alamar motarmu a allon ta riƙa tsalle tana faɗawa cikin kogi tana dawowa.

A wata kwana muka yi kiciɓis da wata mai ɗakin, ta wasu dattawa mata da miji. Kowa ya tsaya. Dutse yana hannun damana, ya sunkuyo daidai kusurwar gadon da ke saman kaina. Ban ce komai ba sai na ji an buɗe ƙofar baya.

"Abba, bari in duba maka."

Ya sauka, ya naɗe madubin dama, ya koma gaba ya tsaya inda yake ganin rufin da dutsen a lokaci guda. Ya ɗaga hannu biyu yana nuna mini tazarar da ta rage, yana matso da tafukansa a hankali. Da suka kusa haɗuwa ya dunƙule hannu, na tsaya. Dattijon ya naɗe nasa madubin, ya silalo ta gefenmu kamar mai tafiya a kan ƙwai, matarsa tana ɗaga wa yaron babban yatsa. Ban taɓa koya masa wannan ba. Ina kallonsa ta gilashi sai na tuna ina ƙarami, ranar da Baba ya shigo da mota lungunmu, yaron motarsa yana gaba yana tafiya da baya yana kiran "taho, taho, ya isa!", weji a hannu.

Da yamma muka hau gadar Millau. An buɗe ta a Disambar 2004, tsawonta mita 2,460, ƙololuwarta mita 343 daga ƙasa. Bayan matsin da muka fito daga ciki, sai na ji kamar an sake ni a fili. Iska ce kawai ke ɗan tura gefen motar, na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Sauran hanyar ta zo da sauƙi. Béziers, iyaka a La Jonquera, sai AP-7 har ƙasa, wanda a kansa ba mu biya ko sisi ba. Na'urar ta kewaye da mu Barselona, ta kuma yi gargaɗin cewa cikin birnin yanki ne da ake tantance hayaƙin mota. Wani abin lura ya faru bayan mun wuce Castellón. Hajiya ta samo wurin kwana kusa da Granada, ta karanto mini lambobin wurin, 37 da ɗigo kaza, 3 da ɗigo kaza. Na shigar, sai na'ura ta ce babu hanya zuwa can. Na duba, ta kafa tuta a tsakiyar teku, arewa da gaɓar Aljeriya. Ashe layin Greenwich, wanda ya raba gabas da yamma, ya ratsa ta wajen Castellón. Tun daga Calais muna gabas da shi, yanzu mun koma yamma, kuma lambar yamma sai an sa mata alamar ragi ko harafin W. Na gyara, tutar ta dawo tudu. Duk wanda zai sayi irin wannan na'ura ya tabbata tana karɓar lambobin wuri cikin sauƙi, kuma ta kowane salon rubutu, domin yawancin wuraren kwana ba su da adireshi, fili ne a bayan gari.

Muka bi ta Murcia, muka hau tudu ta Baza da Guadix, inda mutane har yau suke zaune a gidajen da aka haƙa cikin tsauni, bututun hayaƙinsu farare suna leƙowa daga ƙasa. La'asar sakaliya muka hango Granada, wadda littattafan malamanmu ke kira Garnaɗa, tsaunukan Sierra Nevada a bayanta.

A nan ban nemi shawarar na'ura ba sam. Unguwar Albaicín, tsohuwar unguwar Musulmi, lungunanta irin na cikin birnin Kano ne ko Zariya, an yi su don mutum da jaki. Muka ajiye mai ɗaki a sansanin da ke bayan gari, na cire na'urar daga gilashi na sa a aljihun mota saboda zafin Agusta, muka shiga bas. Daga inda ta sauke mu muka hau da ƙafa. Sau biyu muna ɓacewa, sau biyu muna tambaya. Wata tsohuwa da ke shayar da furanni a ƙofar gidanta, da ta ga lulluɓin Hajiya, ba ta jira mun gama haɗa kalmomi ba ta nuna mana sama da hannu.

Masallacin yana can ƙololuwar unguwar. An buɗe shi a 2003, bayan fiye da shekara 500 da faɗuwar birnin a 1492. Daga lambunsa kana fuskantar fadar Alhamra, kwari ne kawai a tsakani, ganuwarta ja tana ƙara ja da faɗuwar rana. Na gaya wa yara cewa a wannan birnin aka haifi Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙi kuma masani, wanda ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi har ƙasar Mali, ya rasu a Tambutu. Ƙaramar ta tambaya da wace taswira ya je. Na ce da ayari, da madugu, da mutanen da suka san rijiyoyi da taurari. Aka kira magariba, ladan ya hau hasumiya ya yi kiran da muryarsa, babu lasifika. Hajiya ta juya fuska tana share ido da gefen mayafi.

Bayan isha'i, muna zaune a ƙofar mai ɗaki ana dafa shayi, na kira Funtuwa. Na ba Baba labarin hanya, na gaya masa ramin Faris da aka kauce, da kuɗin shinge, da tutar da ta faɗa teku. Ya yi ta cewa "to, to". Da na zo kan kwazazzabon Tarn sai ya ce:

"Wa ya sauka ya duba maka?"

Na faɗa masa.

"Ba ni abokina."

Na miƙa wa yaron wayar. Ya ce, "Kaka, ina wuni," ya tashi ya koma bayan mota. Ina jiyo shi yana kwatanta yadda dutsen ya sunkuyo, da yadda ya naɗe madubi. Daga can ɓangaren kuma muryar Baba tana tashi, yana tambayarsa ko ya tsaya ta inda direba ke ganinsa, ko kuwa ya shiga bayan mota. Sun fi rabin awa, har shayin yaron ya huce Hajiya ta mayar masa kan wuta.